Wayar Inna Mai Danna Kanta

Watan jiya wayata ta suɓuce daga aljihu ina hawa babur, gilashinta ya tsage gida biyu, dole ta sa na koma rumfar masu waya a kasuwar Gwarzo. Mai rumfar ya gane ni tun daga nesa. Ya jera min guda uku a kan tebur, ya fara waƙarsa ta kullum: wannan kamara, wannan riƙe caji, wannan ko bidiyon biki goma ka zuba mata ba ta cika. Na tsaya ina kallon bakinsa, ban ji rabin abin da ya faɗa ba. A gaban wannan teburin na taɓa zaɓar wa mahaifiyata waya, kuma da wannan zaɓin na toshe hanya ɗaya tilo da take da ita ta nemana. Da hannuna na yi, har ina jiran a sa min albarka.

Ni ɗan fari ne. Asalin gidanmu masu kiwo ne, kakanninmu suka zauna a gefen Durun ta ƙasar Kabo, suka haɗa noma da 'yan shanu. Yaren kakannin ya tafi, amma kunya ta zauna daram. A gida irin namu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna wa jama'a ta damu da shi ko da ciwo yake yi. A ɗakin kakata na tashi. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ina yaro "wancan" nake, da na samu aikin koyarwa na koma Gwarzo sai na zama "mutumin Gwarzo". In na je gaishe ta na durƙusa a bakin ƙofa, bango take amsa wa, sannan ta ce da autarmu, "Ke, ba a ba baƙo ruwa ne a gidan nan?" Furar da za a kawo min kuwa ta fi ta kowa nono, kuma na san hannun da ya dama ta.

Bayan rasuwar Baba ne na saya mata waya ta farko, irin ƙaramar nan mai madannai da tocila a ka, wadda samari ke yi wa tsiya suna ce mata rakani-kashi. Inna ba ta karatun boko, lambobi duk ɗaya ne a wurinta. Sai na lura madannin tsakiya yana da ɗan ƙullutu da yatsa ke ji ko ba a duba ba. Na sa lambata a kansa. Ban isa in yi mata bayani kai tsaye ba, don haka na kira autarmu, na ɗaga murya yadda za a ji daga cikin ɗaki, na ce, "In wani abu ya taso, a danna na tsakiyan nan mai ƙullutu, a riƙe shi. Ni zai kira." Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

Wayar nan ta sha wuya. A haɓar zani take ɗaure ta, tare da goro da 'yan canji. Ta taɓa faɗawa cikin ƙwaryar nono, aka cire batir aka shanya ta a kan danga, da yamma ta tashi kamar ba a yi ba. Saniya ta taɓa taka ta, murfin baya ya fashe, aka ɗaure da kyauro aka ci gaba. Caji ɗaya yana kai ta mako, wani lokaci har da kwana biyu a kai. Da tocilarta ake duba kaji a akurki, da ita ake neman allura in ta faɗi.

Ba a yi wata guda ba wayar ta fara wani hali. Ina zaune sai in ga kiran Inna. In ɗauka, in yi sallama, shiru. Sai kukan kaji da ƙarar taɓarya daga nesa. Can sai in ji muryarta, ba da ni take ba: "Ke, zo ki ga abin nan, ta sake danna kanta." Autarmu ta karɓa tana dariya, mu gaisa. Daga gefe kuma Inna tana ta faɗa da iska: "Tunda dai an riga an ɓata kati, a tambaya ko yarinyar nan ta daina tarin. A ce gero ya yi kai. A ce in ana zuwa a daina gudu da babur." Duk saƙon da take da shi sai ya fito, a kan cewa waya ce ta yi laifi.

Da aka aurar da autarmu, nan cikin gari ba nisa, kiran bai tsaya ba. Sai dai yanzu ba mai karɓa. In ɗauka in ji numfashi, in ce, "Inna, ina wuni? Muna lafiya, yara suna lafiya, sun tafi Islamiyya." Shiru. Sai in ji ta ce da akuya, "Kai, tafi can, Allah ya shirye ka, Allah ya yi maka albarka." Ƙit, ta kashe.

To ka ji fa. Wace akuya ake sa wa albarka? Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane, nake cin gyaran jarrabawa da jan biro, wallahi ban karanta wannan ba. Ko kuma in faɗi gaskiya, na ɗan karanta, amma na fi son in yarda cewa haɓar zani ce ke danna waya, don hakan ya fi sauƙi. In haɓar zani ce, ina da damar jin haushi. Kuma ina ji. Kiran yakan zo ina tsakiyar aji, ko muna taron malamai, ko na ɗora kai zan ɗan runtsa bayan azahar.

Ranar da abin ya kai ni bango, masu duba makarantu ne suka zo. Waya ta yi ta ruri a aljihuna har sau uku a jere. Na fita na ɗauka, shiru, ko kukan kaza babu. Na nemi izini, na hau babur, na kama hanyar Kabo ina ta salati, na isa Durun jikina duk ƙura. Me zan tarar? Inna zaune a inuwar ɗaki tana saƙar faifai, lafiyarta ƙalau. Ta ce da faifan, "Yau kuma ba Asabar ba, ba Lahadi ba." Na yi kwana arba'in ban leƙo gida ba a lokacin, amma ban lissafa wannan ba. Abin da na lissafa shi ne an kunyata ni a gaban manya.

Washegari a ɗakin malamai na ba da labari, aka yi ta dariya. Wani abokin aikina ya ce, "Kai ma dai Malam, kana riƙe da babbar waya kamar allo, ka bar tsohuwa da rakani-kashi? Ai alhakinta ne ya kama ka." Maganar ta soke ni. Ƙarshen watan na nufi kasuwa.

Mai rumfar ya jera min wayoyi, manya masu gilashi, irin waɗanda ake shafawa. Na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki waccan na auna nauyinta a tafin hannu. Ɗaya ta yi faɗi da yawa, na ce ba za ta ƙullu a haɓar zani ba. Ɗaya kyakkyawa ce amma ya ce ba ta son faɗuwa. Ya nuna min wata mai ruwan toka, ya ce muryarta tana da ƙarfi, ga rubutu manya, ga kiran da ake ganin fuska. "Gani ya kori ji, Malam. Hajiya tana zaune a ɗakinta za ta ga jikokinta." Na ce duk na ji, amma tambayata ɗaya ce: tana danna kanta?

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wannan? Ko kwana aka yi a kanta ba za ta kira kowa ba. Da an ajiye ta take kulle kanta. Sai an tashe ta, an shafa, an nemo mutum, an taɓa shi da niyya."

Na ce, "Ita nake so."

Wani dattijo da ya kawo gyaran tasa ƙaramar yana zaune a benci yana jinmu. Ya ce, "Malam, in ta tsohuwa tana aiki, da ka bar mata abarta. Tsohuwar zuma da ita ake magani." Na yi masa murmushin da ɗan boko ke yi wa wanda yake ganin zamani ya wuce shi. Allah ya jiƙan wannan dattijo in ya rasu, in yana raye Allah ya ƙara masa lafiya.

Ranar Asabar na kai mata. Ban kai a ɓoye ba, ina! Sai da matan gidan suka taru, da autarmu, da maƙwabta biyu da suka shigo ɗaukar wuta. Na buɗe kwali a tsakar gida, aka yi ta "ma sha Allah", ana miƙa wa juna ana shafa gilashin da gefen mayafi. Na karɓi tsohuwar daga hannun autarmu, na kwance kyauron, na zare layin na sa a sabuwar. Sannan na yi jawabi, ina fuskantar autarmu kamar yadda aka saba.

"Wannan ba irin waccan ba ce. Wannan ba ta danna kanta, an huta da ɓarnar kati. In ana son a kira ni, ga yadda ake yi. A shafa nan, a shafa nan. Kun ga hotona? Na sa shi babba don kada a sha wahala. Sai a dubi fuskata a ɗora yatsa a kai, shi ke nan."

A dubi fuskata a ɗora yatsa a kai. Matar da ta shekara arba'in da wani abu ba ta yarda an kama ta tana kallona ba, ita na ce wa haka, a gaban maƙwabta. Kaico! Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya wuce rashin sani, har da taƙama a ciki.

Inna tana zaune a kan tabarma, ta juya mana gefe. Ta ce da autarmu, "A ce an gode. Allah ya saka da alheri." Sannan ta ƙara da wata murya ƙasa-ƙasa, "Tsohuwar fa, da an bar min ita. Saboda tocila."

Na ce, "Ai tocilar wannan ta ninka waccan haske." Na kunna na haska bango da rana tsaka don kowa ya gani. Na jefa tsohuwar a aljihu. Da na koma Gwarzo na ba yarana suna wasan waya da ita, kwana uku suka raba ta gida-gida. Iyakar roƙon da Inna ta taɓa yi min a duniya ke nan, ta bayan fage, kuma na amsa mata da hasken tocila.

Kira ya ɗauke. Makon farko har daɗi na ji, ina cewa a raina na yi maganin abin. In na kira ta, sau da yawa wayar a kashe take, don wannan ba ta kwana biyu ba a kai ta wurin mai caji ba, kuma mai cajin yana cikin gari. In ta shiga, sai ta yi ta ruri har ta gaji. Da ma Inna ba ta taɓa ɗaukar kirana da hannunta, ko a tsohuwar, sai in wani yana kusa ya ɗauka. Sau ɗaya autarmu ta haɗa mu kiran ganin fuska, na tara yarana a gaban waya suna "Inna! Inna!" Ta ɗan leƙo ta gansu, ta yi murmushi, da fuskata ta shigo sai ta ja mayafi. Sauran kiran rufin ɗaki muka yi ta kallo. Daga nan na daina neman layinta, na koma kiran autarmu in ce a gaishe ta.

Damina ta sauka, hanyar ta lalace, ga jarrabawa, ga 'yar gonar da nake yi a Madadi. Uzuri dai ba ya ƙarewa ga wanda yake nemansa. Da can in na daɗe ban je ba, waya takan danna kanta sau biyu ko uku a mako har kunya ta kama ni in shirya. Yanzu ba abin da ke tuna min. Wani lokaci ina cikin aji sai in ji kamar aljihuna yana motsi, in duba, ba kowa. Sai in ji wani iri, wani ɗan maraici da ban san sunansa ba, in mayar da waya in ci gaba da rubutu a allo. Tsakanin Gwarzo da gidanmu ko tafiyar awa guda bai kai ba. Na yi wata biyu cur ban je ba.

Ana gab da yankan gero, wata Talata da hantsi, autarmu ta kira ni tana kuka. Ta je bikin suna a Mainika wurin dangin mijinta ta kwana huɗu, ta dawo ta tarar Inna a kwance. Zazzaɓi ne ya kama ta tun ranar da ta tafi. Matan gidan sun ce ta hana a gaya wa kowa, wai 'yar masassara ce za ta wuce. Wa za ta ce a kira? Da wane baki za ta faɗa?

Na iso na tarar ba ta magana. Na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba, sai autarmu ta ce, "Yaya, shigo mana, yau kuma wace kunya ta rage?" Na shiga na zauna kusa da ita. Idonta a buɗe yake, kuma a kaina yake, ba ta kawar ba. Ban taɓa sanin ƙwayar idonta tana da ɗan ja-ja irin nawa ba sai ranar. Muka samo mota, amma ba mu kai Kabo ba rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Bayan addu'ar bakwai, da safe, autarmu ta kira ni ɗakin Inna don a fitar da kayanta. Ta buɗe babbar kwallar da ke ƙarƙashin gado. Zannuwa, turare, carbi, sai ga kwalin wayar da na saya, da wayar a ciki, ko ledar gilashin ba a ɓare ba. Na ɗauka na juya ta, sabuwa fil. Daga ƙarƙashin matashi kuma autarmu ta zaro wani ƙullin tsumma ta miƙo min. Na kwance. Ƙaramar waya ce mai madannai da tocila a ka, ba tsohuwar ba, wata ce dabam.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Ita ta saya da kanta. Farkon damina ta kai man shanu kasuwar Kabo, ta haɗa da zakaranta, ta dawo da ita. Ta ce in mayar mata da layinta ciki, wai saboda tocila. Na mayar. Ta tsaya tana jujjuya ta, ta ce, 'Shi ke nan an gama?' Na ce an gama."

"Lambata fa? Kin sa mata a madannin?"

Autarmu ta zaro ido. "Sawa ake yi? Wallahi Yaya na ɗauka a layin take, in an mayar da layi komai ya dawo." Ta dafe kai. "Shi ya sa! Sau biyu tana ce min wayoyin yanzu ba su da kirki, wannan ba ta da motsi irin waccan. Na ce mata ai gara haka, ba ta cin kati. Sai ta mayar da ita haɓar zani."

Me Inna za ta ce? Ta ce waya ta ƙi danna kanta, a zo a gyara? Ta ce a sa mata lambar wa? Inna ta ɗauka kowace waya a duniya, in aka danna na tsakiya aka riƙe, ɗanta take kira, tunda haka ta ji na faɗa da bakina.

Na matsa bakin ƙofa wurin haske na duba. Duk madannan da fentinsu, baƙi da fari, kamar yau aka sayo. Na tsakiyan kaɗai ya goge, ya yi sumul yana sheƙi, har ɗan ƙullutun ya kusa shafewa. Wata uku ke nan a hannunta. Na kunna, da sauran caji, irinsu ba sa mutuwa da wuri. Na danna na tsakiya na riƙe. Wani ɗan rubutun Turanci ya fito, wai ba a sa lambar kowa a wannan madanni ba. Abin da take ta gani ke nan, ba mai karanta mata. Ban san sau nawa ta gan shi a kwana huɗun nan da take kwance ita kaɗai ba, kuma ba na son in sani.

Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne kawai ya yi. Na shiga inda ake sawa, na rubuta lambata, na ajiye. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Na sake danna na tsakiya na riƙe.

Babbar wayata ta fara ruri a aljihu. Na ciro ta, ga sunan nan a gilashi, Inna. Autarmu ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu. Ni kuwa na ɗauka, don ban taɓa ƙin ɗauka ba ko a lokacin da nake jin haushi. Na kara a kunne na yi sallama. Na ji kukan kajin gidanmu, da ƙarar taɓarya daga maƙwabta, da numfashin mutum ɗaya. Na ce, "Inna, muna lafiya. Yara suna lafiya." Na tsaya ina jira a ce da akuya ta tafi can, har katin da ta sa da kuɗin man shanunta ya ƙare, layin ya yanke.